Kaset ɗin da Ya Maƙale a Rakodar Mai Doya

Laifina ne, kuma tun ranar da abin ya faru na san laifina ne. Ba daga baya hankali ya zo mini ba. Ina tsaye a bayan shagona da rakodar matar nan a hannu, ruwan batir yana ɗiga a kan takalmina, na riga na san abin da na aikata. Buɗe baki in faɗa shi ne ya ɗauke ni shekara shida.

Gyaran rediyo ne sana'ata. Firamare na yi na tsaya. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya kawo shi Minna daga ƙasar Katsina, a nan ya zauna har Allah ya yi masa rasuwa. Shekarar da Minna ta zama babban birnin jiha ya kama hannuna ya kai ni wurin wani dattijo mai gyara a Sabon Gari. Dattijon yana da wata ɗabi'a da nake ɗauka ɓata lokaci ce. Duk rediyon da ya gyara, kafin ya rufe sai ya yanki 'yar takarda, ya rubuta abin da ya canja da lambarsa, ya manna a cikin murfin baya. Wata rana na tambaye shi amfanin wannan wahala.

Ya ce, "Don wanda zai buɗe bayana. Kai kana ganin zan dawwama ne?"

Da na buɗe nawa shagon, na ci gaba da manna takardar na 'yan shekaru. Lokacin aiki yana da daɗi. Ma'aikatan gwamnati sun cika gari, daga baya aka buɗe jami'a a Bosso, ɗalibai da malamansu suka riƙa kawo rakodoji da talabijin. Kayan wancan lokaci kuma an yi su ne don a gyara. Noti huɗu za ka kwance, murfi ya fita, sau da yawa ma ka tarar da zanen wayoyin a manne a ciki. Kowane taransisto da lambarsa a jikinsa. In ya ƙone, ka karanta lambar, ka nemo ɗan'uwansa, ka sa dalma, shi ke nan.

Sai abubuwa suka juya. Kayan gyara suka yi tsada, wani abu ƙanƙani sai ka aika Kaduna ko Legas kafin ka samu. Waɗanda aka sallama daga aiki suka dawo suna koyon gyara, layinmu da mu biyu ne kawai ya cika da shaguna. Ga kuma sababbin rediyoyin da suka fara shigowa, waɗanda har yau in na tuna su raina yake ɓaci. Ka juya su gaba da baya ba ka ga noti ba, an haɗe robar da wasu haƙora a ciki, kana sa wuƙa za ka buɗe su karye. Wasu da notin, amma kansa wani irin tauraro ne da babu sukudirebarsa a duk kasuwar Minna. Mutum ya kawo maka abin da wata 'yar waya ce kawai ta tsinke a ciki, amma kafin ka kai ga wayar ka riga ka farfasa masa kaya. Sai ya bar maka shi ya tafi yana zaginka.

A bayan shagona akwai wata rumfar kwano da nake zuba irin waɗannan. Tun tana ɗaukar su har suka fara gangarowa cikin kwata. Da damina ruwa ya kwashe fasassun robobi da ruɓaɓɓun batura ya kai ƙofar gidan mutane, matar da ke tuyar ƙosai a bayanmu ta zo ta yi mini faɗa ba sau ɗaya ba. Kullum amsata ɗaya ce: je ki tambayi waɗanda suka ƙera su.

Ina zagin masu ƙera su da rana, ashe ina koyon halinsu. Na fara lura cewa wanda na gyara wa rediyo bara, bana sai in gan shi a shagon wani. Takardar da nake mannawa ma ta zama jagora ga abokan hamayya, su buɗe su karanta su gama aikin cikin minti goma. Sai na daina manna ta. Daga nan na fara goge lambar duk taransiston da na sa da samfefa, in kuma zuba masa gam mai ƙarfi a kai. Ban tsaya nan ba. Na samo wasu notuna, na goge kansu da magagari har tsagar ta ɓace, na yi musu wasu 'yan ramuka biyu a gefe, na ƙera wa kaina sukudireba mai haƙori biyu da ita kaɗai ke kama su. In na ɗaure, sai in ɗiga jan farce a kan kowane noti, don in gane in wani ya taɓa. Na kafa doka a shagona, ina faɗinta da ƙarfi don na tsallaken titi su ji: duk abin da wani ya taɓa bayana, wanda ya fara shi zai ƙarasa.

Wanda shagonsa ke kallon nawa wani Banufe ne mutumin Bida, sa'ana. Da yake ni jinin Katsina ne, akwai wasa tsakaninmu tun kakanni, kullum da safe da shi muke buɗe shago.

Shi ya ce, "Bawana, ka share mini ƙofar shago kuwa?"

Ni kuma in ce, "Wa ya taɓa ganin ubangida yana yi wa bawansa shara? Kawo shinkafar da matarka ta dafa in duba ko da guba."

Da ya ga notunan nan karo na farko, dariya ya yi ya ce, "Wannan ba gyara ba ne, ɗauri ne. Ka sa wa rediyon mutane ankwa." Na ce masa ciwon ido ne ke damunsa.

Matar da nake magana a kanta 'yar Gbagyi ce, daga wani ƙauye da ke kan hanyar Bida, gaba kaɗan da Gidan Kwano. Doya take kawowa kasuwa. Ta manyanta, amma tana da ƙarfi, kayanta kullum a kafaɗa irin na matansu. Ɗanta na fari yana aiki a bakin ruwa a Legas, inda jiragen ruwa ke sauke kaya, shi ya sayo mata rakoda mai cin batir shida. Ita ba ta karatu, mijinta ma haka, don haka ɗan ba ya rubuto wasiƙa. Kaset yake ɗauka ya yi magana a ciki da yarensu, ya ba direban babbar mota ya kawo tasha. Su saurara ita da tsohon, su ɗauki nasu a ɗaya gefen, su mayar ta hannun direban da ke sauke kaya kusa da wurin aikinsa.

Zuwanta na farko, robar da ke juya kaset ce ta saki, da taransisto ɗaya na murya. Aikin rabin awa. Na canja, na goge lamba, na zuba gam, na ɗaure da notunana, na ɗiga jan farce. Da ta ji muryar ɗanta ta fito tas, sai ta tafa hannu ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka." Washegari ta aje mini doya biyu a ƙofar shago. Tun daga nan in ta wuce sai ta ɗaga mini hannu.

Da damina ta yi nisa a shekarar da ta biyo, na tafi Kontagora sunan ɗan ƙanwata, na yi kwana uku. Ranar Litinin da safe na dawo, na tarar da ita zaune a kan bencina, rakodar a naɗe cikin zani a cinyarta, Banufen yana tsaye kusa da ita.

Ya ce, "Bawana, gara da ka dawo. Mama tun ranar Asabar take sintiri. Kawo wannan mayyar sukudirebar taka mu ceci kaset ɗinta."

Na karɓi rakodar na juya bayanta. Jan farcen noti biyu ya farfashe, kusurwa ɗaya ta ɓantare kamar ƙwayar gyaɗa.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne. Na gwada, na ga zan yi ɓarna, na tsaya. Na ce ta jira ka."

Matar ta miƙe ta fara yi mini bayani, tana haɗa Hausa da hannu. Sabon kaset ne ya zo ranar Juma'a. Sun zauna ita da mijinta suna ji. Bayan gaisuwa, ɗan ya ce ta saurara da kyau, ya bar aikin bakin ruwa, ya bar ɗakin da yake, zai koma wani gari. In za ta aiko da amsa, kada ta ƙara ba tsohon direban, sai ta nemi motar da ke zuwa... Daidai nan rakodar ta yi wani kuka, zaren kaset ya naɗe a ciki, komai ya tsaya. Ba su ji sunan garin ba. Ta je tasha ta sami direban da ya kawo, ya ce shi wani ne ya miƙa masa ta taga, bai san kowa ba.

Ta ce, "Ɗana, sunan garin kawai. In na ji sunan garin, ko rakodar ta mutu ba komai."

Na leƙa ta ƙofar kaset. Zaren ya naɗe a jikin ɗan ƙarfen da ke jan sa, amma bai tsinke ba. In aka ja ta gaba zai yage. Dole a buɗe baya, a juya ƙafar da ke juya ƙarfen da yatsa a hankali, a warware. Aikin da zan gama kafin shayi ya huce. Sukudirebar tana cikin aljihun rigata, ina jin nauyinta.

Na ce, "Mama, kin san dokata. Wanda ya fara ya ƙarasa."

Banufen ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskata sai ya daina. Ya ce, "Haba. To ara mini minti biyar, in buɗe a gabanka. Aikin naka ne, ba na son komai a ciki."

"Je ka ƙera taka."

"Don Allah dubi tsohuwar nan."

"Da ka dube ta da ba ka sa mata ƙarfe a kaya ba."

Mutanen layi suka fara taruwa, ni kuwa ganin su ya ƙara mini taurin kai. So nake kowa ya gani, ya kai labari cewa wanda ya tsallake shagona wahala zai sha. Matar ta durƙusa. Mace sa'ar uwata ta durƙusa a ƙofar shagona saboda noti huɗu. Sai na ce, kamar mai yin alfarma, ta bar rakodar ta dawo bayan sati biyu, aiki ya yi mini yawa. Ba wani aiki. Rediyo biyu ne a kan teburina, su ma jiran kaya suke daga Kaduna.

Da ta tafi na ɗauki rakodar na kai rumfar baya, don kada in riƙa ganin ta. Na ɗora ta a kan tarin matattun rediyoyi. Ban cire batura ba. Abu na farko da dattijon da ya koya mini sana'a ya fara nuna mini ke nan, kada ka aje kayan mutum da batir a ciki, amma ranar fushi ya hana ni tunawa.

Bayan sati ɗaya ta dawo, ko Allah ya sa na samu lokaci. Ta zo da doya uku manya. Na ce tukuna. Na kuma karɓi doyar. A gidana aka yi sakwara da ita, na ci na ƙoshi.

A cikin satin aka yi wani ruwa da iska da la'asar, kwano ɗaya na rumfar ya ɗage. Na shiga da gudu na ciro talabijin ɗin wani malamin jami'a da na aje a can, na lulluɓe shi da leda. Rakodar mai doya kuwa wasu rediyoyi sun zubo a kanta, ban gan ta ba, ban kuma neme ta ba. Sati biyu suka cika, ta zo ba na nan. Sai a sati na uku, ranar da na san za ta shigo kasuwa, na ce bari in yi aikin nan in huta da ita.

Da na ɗaga ta na ji ruwa yana motsi a ciki. Na buɗe gidan batir, sun kumbura sun fashe, wani farin gari da ruwa mai yauƙi sun bi ko'ina. Na sa sukudirebata, notunan suka fita ɗaya bayan ɗaya ba gardama. Ko minti uku ban yi ba. Zaren da ya naɗe a ƙarfe, daidai wurin da ake nema, ya jiƙe da ruwan batir ya manne da juna. Ina taɓawa, ruwan ƙasa-ƙasan da ke riƙe murya ya biyo yatsana, ya bar roba fara fat.

Na yi iya yina, wannan kam zan faɗa. Na shanya shi a inuwa, na yanke ruɓaɓɓen wurin da reza, na haɗa baki da baki da jan farce, na naɗe da biro, na mayar cikin wani gidan kaset. Amma abin da na yanke ya kai kamu goma.

Ta zo da azahar. Na sa kaset ɗin a rakodar shago. Ni ba na jin yarensu, fuskarta kawai nake kallo. Muryar saurayi ta fito, tana gyaɗa kai, wannan ta riga ta ji. Sai aka zo wurin, ta matso da kunnenta. Wani ɗan ƙara, sai shuuu, sai ga muryar ta dawo yana dariya, daga baya na gane sallama yake yi, yana gaida babansa. Ta ce in mayar. Na mayar. Sau uku muna yi.

Ta ɗago ta ce, "Ɗana, me ya same shi?"

A nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Na nuna tsallaken titi da haɓa, na ce, "Ai na faɗa miki. Wancan da ya sa ƙarfe ya ɓantare ta, shi ya huda wurin da ruwa ya shiga."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta karɓi kaset ɗin ta ƙulle a bakin zaninta. Na ce rakodar fa, in an samu kaya zan tashe ta. Ta ce, "Me zan ji a ciki?" Ta saɓa kwandonta a kafaɗa ta fita. Ta wuce ta gaban shagon Banufen, ya gaishe ta, ba ta amsa ba.

Mutanen ƙauyensu da ke kai masa gyara duk suka daina, wasu ma wurina suka dawo. Bai zo ya tambaye ni abin da na ce ba. Washegari da safe na ɗaga murya na ce, "Bawana, ina shinkafata?" Ya ce, "Ina kwana, Malam," ya shige shago. Shekara shida yana kirana Malam. Wanda bai san wasan Katsinawa da Nufawa ba ba zai gane nauyin wannan ba.

Zan so in ce daga ranar na daina goge lamba, amma ƙarya ce. Na ci gaba. Na riƙa gaya wa kaina cewa ruwan sama ne, batir ne, iska ce, ita ma me ya kai ta wurin wani. Tarin bayan shago na sa an kwashe shi sau da yawa, wani a ƙone, hayaƙin robar ya hana mutanen layi numfashi, wani a zuba a rami, bayan wata kaɗan ya sake taruwa. Amma rakodar nan ban iya jefa ta ba. Na ɗora ta a can saman kanta, bayan kwalayen da ba na taɓawa.

Sana'ar kuma sai ƙara lalacewa take. A shekarun casa'in kasuwa ta cika da ƙananan rediyoyi masu araha, wata uku su mutu, gyaransu ya fi sayen sabo wahala. Wata rana wani malami daga Bosso ya kawo mini babbar rakoda mai gidan kaset biyu da ya sayo a wata tafiya ƙasar waje. Na sha fama kafin na buɗe ta. Na bi wayoyi har na gano abin da ya ƙone, na kawo gilashin ƙara gani don in karanta lamba. Babu. An goge ta tas tun daga masana'anta, na kusa da shi kuma an zuba masa wani baƙin gam kamar kwalta. Kwana biyu ina kanta. A rana ta uku haƙurina ya ƙare, na fito da ita ƙofar shago ina ɗaga murya.

"Wane mugu ne ya yi wannan? Mutum ya sayi abu da guminsa, ka hana shi gyarawa? Kayansa ne ko naka? Wannan ai zalunci ne!"

Banufen ya tsallako titi a hankali, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya karɓi gilashin ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Hannun nan kamar na san shi. Malam, ko kana da ɗan'uwa a can ƙasar?"

Masu shagunan kusa suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Da suka watse, ya zauna a bencina, daidai inda matar ta zauna. Ya ce duk Asabar yana bin hanyar Bida a babur zuwa gida, yana wucewa ta ƙauyensu. Shekara biyu bayan abin nan mijinta ya kwanta ciwo ya rasu. An aika Legas, an bi tsohon wurin aikin, an bi coci-coci, ba wanda ya san inda ɗan yake. Aka binne tsohon ba ɗansa na fari. Ɗan sai Kirsimetin da ya wuce ya dawo. Ashe da ya ji shiru ba amsa, ya ɗauka fushi suke don ya bar aikin da babansa ke alfahari da shi, kunya ta hana shi sake aikowa har sai ya tara abin da zai shigo gida da shi. Ya shigo da kaya niƙi-niƙi, da bargo na babansa, aka nuna masa kabari.

Na ce, "Ka san abin da na gaya mata a kanka?"

"Tun ranar."

"Me ya hana ka magana?"

"In ce me? Hannuna ne ya ɓantare ta, kowa ya gani. Kai ne ka san sauran."

Da ya tafi na hau kujera na sauko da rakodar. Na ce ba zan je wurinta hannu sake ba. Sai ga ni ina yaƙi da aikina. Gam ɗin da na zuba ya zama dutse, ina ɓamɓara yana tahowa da layin wayoyi. Taransiston da na sa ya mutu da ruwan batir, na duba lamba, babu, ni na goge ta, kuma na manta ko wace ce. Na zauna ina zagin kaina da irin zagin da na yi wa masu masana'anta. Da akwai 'yar takardar dattijo a murfi, da aikin yini ɗaya ne. Kwana tara na yi. A ƙarshe na tsallaka titi na roƙi Banufen, ya tono wata matacciya irinta a nasa tarin, muka karanta lambar a jikinta.

Na ɗaure ta da noti na kowa da kowa, wanda ko bakin wuƙa zai kwance. Na yanki takarda na rubuta duk abin da na canja da lambarsa, na manna a cikin murfi. Sukudireba mai haƙori biyu kuma na rataye ta a ƙusa a ƙofar shago, na gaya wa duk masu gyaran layin cewa wanda notina ya zo hannunsa ya zo ya ɗauka, ba sai ya tambaya ba.

Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, Banufen ya goya ni a babur ɗinsa, rakodar a cinyata. Muka wuce Gidan Kwano, muka sauka daga kwalta muka bi ta cikin gonakin doya. Mun same ta zaune a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa. Ta tsufa sosai, kafaɗar da take ɗaukar kaya ta karkace. Wani ƙaton mutum mai gemu yana gyaran keke a gefe, yana yi mana sannu da zuwa na gane muryar, ita ce ta cikin kaset. Ta gane ni, ta fara murmushi, sai ta ga wanda ke bayana, murmushin ya tsaya.

Na cire hula, na aje rakodar a gabanta, na durƙusa kamar yadda ta taɓa durƙusa mini.

Na ce, "Mama, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Mutumin nan da kike gani bai lalata miki komai ba, ƙarya na yi masa. Ranar da kika zo, maganar ɗanki tana nan lafiya a cikin kaset, abin buɗewa yana aljihuna, minti uku ya ishe ni. Girman kai ya hana ni. Na jefa ta bayan shago da batir a ciki, ruwa ya dake ta, na ci doyarki ina ce miki tukuna. Ni na hana ki jin sunan garin, ni na hana ɗanki zuwa jana'izar babansa. Rakodar nan na gyara, na san ba za ta dawo da komai ba. Ba na ce dole ki yafe ba. Amma ki ji daga bakina, a gaban ɗanki da gaban wanda na ɓata wa suna: ni ne. Don Allah, Mama, ki yi haƙuri, ki yafe mini."